Kujera ɗaya, farashi goma: yadda kuɗin jirgi da na otal ke hawa da sauka

Ana saura kwana huɗu Babbar Salla, wani dattijo da muke salla a masallaci ɗaya a Agege ya tare ni bayan la'asar, ya miƙo mini wayarsa. Dillalin shanu ne a mayankar Oko-Oba, kuma shekarun da ya yi a Legas sun kusa kai nawa a duniya.

"Yaro, duba mini nan. Ɗan maƙwabcina ya yanki tikitin Kano tun watan jiya. Ni yau na tambaya, an ce mini kuɗin ya kusa ninkawa. Jirgi ɗaya, rana ɗaya. Shi a fiffike za a ɗaure shi, ko ni ne za a ba kujerar matuƙi?"

Na ce, "Baba, kujerarku iri ɗaya ce. Ba mamaki ma ku zauna kafaɗa da kafaɗa."

"To, cuta ke nan."

Ban yi masa musu ba, don ba a ja-in-ja da babba a bakin masallaci. Amma abin ba cuta ba ne, lissafi ne, kuma lissafin ya fi cin irinmu, masu yanke shawarar tafiya a ƙurarren lokaci. Wanda ya gane yadda ake buga shi ya riga ya rage wa kansa rabin asara.

A fara daga kasuwar Mile 12, tunda kowa ya san ta. Mai tumatur ya san kayansa ba sa jira. In rana ta yi yamma kwando bai ƙare ba, sai ya karya farashi, gara ya sayar da faɗuwa da ya zubar gobe. Kujerar jirgi ta fi tumatur saurin lalacewa. Da zarar an rufe ƙofa jirgi ya ɗaga, kujerar da ba kowa a kanta ta mutu, ba mai sayen ta har abada. A hankalce sai mutum ya zaci kamfanin jirgi ma zai karya farashi in lokacin tashi ya matso. Sai ga shi akasin haka ake gani.

Dalili shi ne kamfanin ya san wanda ke zuwa a ƙarshe. Mai zuwa sayen tumatur da yamma yana da zaɓi, in bai saya ba ya yi miyar kuka. Mai neman tikiti ana gobe tafiya kuwa galibi ba shi da mafita: rasuwa aka yi, ko ɗaurin aure, ko an kira shi ofis a Abuja, ko kayansa sun maƙale sai ya je da kansa. Ko nawa aka ce masa zai biya. Saboda haka kamfani ba ya sakin duk kujerunsa da araha tun da wuri, yana ɓoye wasu don wannan mutumin. Ko da biyu ko uku sun tafi ba kowa, abin da ya karɓa a hannun masu gaggawa ya rufe giɓin.

Yadda ake yi, ana kasa kujerun ɓangaren talakawa kashi-kashi a cikin kwamfuta, kowane kashi da harafinsa da farashinsa da sharuɗɗansa. A cikin jirgi ba za ka ga wani bambanci ba, a takarda ne kawai. Kashin farko shi ne mafi araha, kuma kujerunsa kaɗan ne. In sun ƙare sai na biyu ya buɗe da ɗan ƙari, haka har a kai kashin ƙarshe mai cikakken kuɗi. Kwamfutar tana kallon saurin da ake saye, tana gwada shi da yadda aka saba saye a irin wannan rana a baya. In ta ga jama'a sun yi ca, sai ta rufe masu araha tun ba su ƙare ba. In ta ga kasuwa ta yi sanyi, tana iya sake buɗe su. Wannan dabara a Amurka ta yi ƙarfi, bayan gwamnati ta cire hannunta daga ƙayyade kuɗin jirgi a 1978, kamfanoni suka shiga gasa. Yau babu wani kamfanin kirki a duniya da ba ya aiki da ita, har namu na gida.

Ɗan maƙwabcin Baba bai fi shi wayo ba, bai kuma san kowa a kamfanin ba. Kashin farko ya tarar. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji mutanen da, kuma ba su san jirgin sama ba suka faɗa.

Akwai wani ɗan sirri da ke fitowa daga wannan tsari, wanda masu tafiya da iyali ya kamata su riƙe. A ce kujera biyu suka rage a kashi mai araha, kai kuma ka nemi ta mutum biyar a lokaci guda. Kwamfuta ba ta raba muku, duk biyar ɗin za ta kai ku kashi na gaba mai tsada. Don haka ka fara tambayar kuɗin mutum ɗaya ka gani, sannan ka tambayi na biyar. In ka ga bambanci, ka yanki biyun da araha, sauran ukun daban. Sai dai a haɗa ƙananan yara da babba a yanka ɗaya, kada a bar yaro shi kaɗai a takarda.

Za ka ji ana cewa a sayi tikiti ranar Talata da tsakar dare, ko kuma wai in ka yawaita dubawa kamfanin yana ganin ka sai ya ƙara maka. Ni ban ɗauki waɗannan da muhimmanci ba. Abin da ya fi faruwa shi ne, kana can kana ta shawara da kanka wani ya ɗauke kujerar ƙarshe ta kashin. Ranar tashi ita ce abin dubawa, ba ranar saye ba. Juma'a da yamma, Lahadi da yamma da Litinin da safe lokutan ma'aikata ne da 'yan kasuwa, musamman a hanyar Legas zuwa Abuja. Talata, Laraba da Asabar da rana sun fi sauƙi. Mutumin da zai iya matsar da tafiyarsa da kwana ɗaya tak yana da abin da mai gaggawa ba shi da shi, kuma wannan kwana ɗayan shi ne kuɗi.

Matsalarmu ta musamman ita ce Salla. Kirista ya san Kirsimeti 25 ga Disamba ce tun shekarar da ta wuce. Mu kuwa muna jiran sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi, sai mutum ya ce ai ba zai yanki tikiti ba sai an tabbatar da rana. Wannan uzuri ba shi da ƙarfi. Kalanda tana nuna maka ranar da ake sa rai, kuma saɓanin ba ya wuce kwana ɗaya ko biyu. Ka yanki na kwana uku kafin ranar da ake tsammani, ka huta. Babbar Salla ma da sauƙi, tunda ana sanin ranarta kwana goma kafin ta zo, amma wanda ya jira sai an ga watan Zulhajji ya shiga sahun dubban da suka yi irin jiransa. A kuma lura da inda iska ke kaɗawa: kafin Salla kowa arewa yake nufa, bayan Salla kowa kudu. Tikitin dawowa shi ne wanda muka fi mantawa da shi, mutum ya sha shagalin Salla a Kano ko Sakkwato, sai ranar komawa kasuwa ya tashi neman kujera.

Duk wannan dabara tana aiki ne a saman wani tushe da ba ya motsi don kai. Jirgi da dala yake ci. Sayen sa ko hayar sa dala ne, kayan gyara dala, inshora dala, manyan gyare-gyare galibi sai an kai shi waje. Man jirgi kuma shi ne babban abin da ke cinye kuɗin kamfani. A Fabrairun 2022 ne kamfanonin cikin gida suka mayar da mafi ƙarancin tikiti naira 50,000 saboda tsadar mai, aka yi ta surutu. Da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a Yunin 2023, wancan kuɗin da ake kuka da shi sai ya zama abin marmari. A kan haka akwai kashi 5 cikin ɗari na kuɗin tikiti da ake karɓa wa hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA, da kuɗin amfani da filin jirgi da fasinja ke biya a cikin tikitinsa. Amfanin sanin wannan ɗaya ne: akwai iyakar da farashi ba zai sauka ƙasa da ita ba. Duk wanda ya zo maka da tikitin rabin kuɗin da kamfanin kansa ke sayarwa, ka tambayi kanka daga aljihun wa za a cike ragowar.

Ni na koyi wannan da kuɗina. Shekarun baya wani yaro da ake ta yabo a unguwa wai ya iya samo tikiti mai sauƙi ya yi mini na Kano. Na tura masa kuɗi, ya turo mini takarda a WhatsApp, da tambarin kamfani, da sunana, da rana da lokaci, tsaf. Ranar tafiya na yi sammako na isa Ikeja, na bi layi na miƙa waya. Matar da ke kan kanta ta danna, ta sake dannawa, ta ɗago ta dube ni da tausayi. Ta ce an dai kama mini kujera, amma ba a biya ba, lokacin biya ya wuce, kujerar ta koma kasuwa tun kwana uku da suka shige. Na kira yaron, waya a kashe. Ga jaka a hannu, ga mutane a gida suna jira. Na sayi wani tikitin a nan take da farashin masu gaggawa. Tafiya ɗaya, biya biyu. Araha ba ta ado.

Bambancin da ban sani ba a lokacin shi ne tsakanin kama kujera da yanke tikiti. Kama kujera tana ba ka wata lamba mai haruffa da alƙaluma shida, kuma kowa yana iya samun ta kyauta na ɗan lokaci. Tikitin da aka biya yana ɗauke da shaidar biya, kuma a yawancin kamfanoni, musamman masu fita waje, akwai lambar tikiti mai alƙaluma 13. Kada takarda ta ruɗe ka, ko yaron shagon kwamfuta yana iya tsara ta. Ka shiga shafin kamfanin jirgin da kanka, ka sa lambar nan mai shida da sunan mahaifinka kamar yadda aka rubuta, ka ga ko an tabbatar. In ba ka iya ba, ka sa wani ya yi maka a gabanka, ko ka kira kamfanin. Akwai kuma masu sayen tikiti da katin bankin sata su sayar da araha. Wannan ya fi muni, domin in asiri ya tonu kai ne ke tsaye a filin jirgi da sunanka a takarda.

Ba ina cewa a guji ejan, wato dillalin tikiti, ba ne. A tafiyar cikin gida mai waya a hannu bai cika bukatar sa ba: ka duba Google Flights ko Wakanow ko Travelstart don ka ga yanayin kasuwa, sannan ka leƙa shafin kowane kamfani ɗaya bayan ɗaya, tunda ba duka kamfanoninmu ke bayyana a irin waɗannan shafuka ba. In farashi ya zo ɗaya, ka saya kai tsaye daga kamfanin, saboda ranar da aka soke tashi ko kake neman a mayar maka da kuɗi, ba ka son wani a tsakani yana ce maka "muna jiran su". A tafiyar waje kuwa ejan na gari yana da rana. Yana ganin kashe-kashen kujerun da kai ba ka gani, ya san dokar kowane tikiti. Na garin shi ne mai ofis da za ka iya zuwa ka zauna, mai rajista da NANTA, ƙungiyar ejan-ejan na Najeriya, ko shaidar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, wanda kake biya a asusun kamfani ba asusun ƙaninsa ba.

Sai kuma abin da farashin da ke kan allo ba ya faɗa. Tikiti mafi araha sau da yawa shi ne mafi tsauri: ba a mayar da kuɗi, canza rana sai da tara, kuma in ka makara ya tafi ke nan. Wasu kamfanonin suna rage kilon kaya a kan tikiti mai sauƙi. Mu kuwa ba a san mu da tafiya hannu rabbana ba. Hajiyar da za ta Kano da atamfofi da leshi daga kasuwar Balogun, da tsarabar 'yan uwa, in ta yi murnar ragin naira dubu goma sannan aka caje ta kuɗin awon kaya fiye da haka, me ta ci? A auna jaka tun a gida, ko a sikelin masu sayar da hatsi ne.

Hanya zuwa filin jirgi ma lissafi ce. Mazaunin Agege ya more, Ikeja na bayan gidansa. Amma wanda zai taso daga Alaba Rago ko Ajah don jirgin ƙarfe bakwai na safe, sai dai ya fito tun kafin asuba a motar haya ta shata, ko ya kwana kusa. A kuma tabbatar da tashar. Jiragen cikin gida suna tashi daga wurare biyu, MMA2 da aka buɗe a 2007 da tsohuwar tashar da ake kira GAT, na ƙasashen waje kuma can gefe guda da 'yar tazara. Ce wa direba "kai ni filin jirgi" kawai ya sa mutane da yawa sun tsaya suna kallon jirginsu yana ɗagawa.

Duk da wahalar sammako, jirgin farko na safe ya fi mini. Jirgi ɗaya ne ke zirga-zirga yini guda, Legas, Abuja, Kano, ya dawo. In ya yi jinkirin minti arba'in da safe, kafin dare ya zama na sa'o'i, kuma na yamma shi ke kwasar duka. Lokacin hunturu ne kawai lissafin ke rikicewa, daga Disamba zuwa Fabrairu, in hazo ya rufe Kano ko Maiduguri har matuƙi ba ya iya ganin titin sauka. A wannan lokaci kada ka yanki tikitin ranar ɗaurin aure da safe kana cewa ai tafiyar awa ɗaya da rabi ce. Ka tafi ana gobe. In kuma jinkiri ya same ka, ka san kana da haƙƙi. Dokokin NCAA na kare fasinja sun tanadi abin sha da ɗan abin taɓawa bayan jiran awa biyu, da damar karɓar kuɗinka in jinkirin ya wuce awa uku, da masauki in abin ya kai ga kwana. Wanda ya biya ta intanet ana mayar masa cikin kwana 14. Hukumar tana da jami'ai a filin jirgin. Mu dai mun fi ganewa mu ce Allah ya isa mu koma gida.

Wata dabarar da 'yan Kaduna da Zariya ke yi ita ce bi ta Abuja. Hanyar Legas zuwa Abuja ta fi kowace yawan jirage, gasa ta fi zafi, kujera ta fi samuwa. Daga nan sai jirgin ƙasa daga Idu ko Kubwa zuwa Rigasa. Wani lokaci tana fita, wani lokaci in ka haɗa kuɗin mota daga filin jirgi zuwa tasha da yinin da ka ɓata, ba riba. Sai an buga a takarda.

Tafiyar waje ta fi nuna yadda gasa ke aiki. A 2022 da 2023 kuɗin kamfanonin waje, ɗaruruwan miliyoyin daloli, ya maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala. Martaninsu shi ne rufe kashe-kashen kujeru masu araha ga mai saye daga nan, suka bar masu tsada kawai. Emirates ma dakatar da zuwa ya yi gaba ɗaya, bai dawo Legas ba sai 1 ga Oktoban 2024. Da Air Peace ya fara zuwa Gatwick a Landan ranar 30 ga Maris 2024, sai ga waɗanda suka daɗe suna riƙe da hanyar sun fara sauke farashi. Jirgin bai canza ba, nisan bai ragu ba, abokin gasa ne ya shigo.

Ga mai zuwa Jidda ko Dubai ko Guangzhou, jirgi mai yada zango ya fi mai tafiya kai tsaye sauƙi a yawancin lokuta: Ethiopian ta Addis Ababa, EgyptAir ta Alƙahira, Qatar ta Doha, Turkish ta Istanbul. Abin kiyayewa shi ne duk tafiyar ta kasance a tikiti ɗaya. In a tikiti ɗaya kake, jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, nauyin kamfani ne ya sa ka a wani. In kuwa kai ka haɗa biyu daban-daban don neman sauƙi, na biyun bai san da zamanka ba, kuma ƙila sai ka fita ka karɓi kayanka, abin da ke bukatar bizar ƙasar. Ɗan kasuwa mai zuwa sari kuma kilo yake saye kafin kujera. Tikiti mai jaka biyu masu kilo 23 kowace, ko da ya ɗara da wani abu, ya fi mai jaka ɗaya.

Umara ita ce Sallar tafiyar waje. Goman ƙarshe na azumi komai yana kai ƙololuwa, jirgi da ɗaki. Mai neman ladan wannan lokaci ya san abin da yake saye, ba mai hana shi. Amma wanda burinsa ya kai mahaifiyarsa ta ga Ka'aba da ɗan abin da ya tara, Muharram da Safar suna nan, jama'a sun ragu, farashi ya sauko, ɗawafi ma ya fi sauƙi ga tsohuwa.

Otal kuma ɗan uwan jirgi ne ta fuska ɗaya: ɗakin da ya kwana ba kowa ya mutu a daren. Inda suka rabu shi ne otal yana jin ciniki, musamman ƙanana da matsakaita. Kakanninmu fatake ba su san wannan damuwa ba. Mai kawo shanu ko mai sarin goro yana sauka a zango, gidan fatoma, ya ci ya kwana, maigida ya samu la'adarsa a ciniki. Har yau yawancinmu in mun shigo Ikko wurin ɗan uwa muke sauka. Amma mai zuwa da iyali, ko neman biza, ko jinya, ko mai jirgin asuba, dole ya nemi ɗaki.

A Legas wuri ake fara zaɓa kafin farashi. Wanda ke da ganawa ƙarfe takwas na safe a ofishin jakadanci a Victoria Island, ya kama ɗaki mai araha a Iyana Ipaja, zai biya bambancin a kuɗin mota da hawan jini a kan gadar Third Mainland. Haka wanda zai tashi da asuba, Ikeja ko Ajao Estate ne wurinsa, ko da ya fi tsada kaɗan. Jirgin ƙasa na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024, mai bi ta Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba har Oyingbo, ya ɗan sassauta lissafin ga mai harka a wannan layi, in lokutansa sun dace da nasa.

Tambaya ta biyu wuta ce. Kuɗin ɗaki a Legas, kaso mai tsoka na dizal ne da lantarki. Otal ɗin da ya fi maƙwabtansa araha sosai, a nan yake rage zafi. Ka tambaya ƙarara: ƙarfe nawa ake kunna janareta, ƙarfe nawa ake kashewa, kuma yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki ko fanka kawai? Na taɓa kwana a wani da aka ce mini wuta ba ta yankewa. Ƙarfe biyun dare komai ya yi tsit, sai kukan sauro. Da safe na yi magana, yaron kanta ya ce ai injin ma yana bukatar hutu.

Sai haraji. Farashin da aka rubuta ba lallai shi za ka biya ba. Akwai harajin VAT kashi 7.5 cikin ɗari, da na jihar Legas kashi 5 a kan otal da gidajen abinci, wasu kuma su ɗora kuɗin hidima. A ce ɗaki naira 40,000 ne, harajin biyu kaɗai sun ƙara 5,000 kafin a zo kan hidima. Jimla ɗaya ce ke raba gardama: "Nawa zan biya gaba ɗaya, da komai da komai?"

Shafuka irin su Booking.com da Hotels.ng suna da amfani wajen gani da gwadawa. Amma otal yana biyan su la'ada a kan kowane baƙo, saboda haka in ka samu wanda ya kwanta maka, ka kira su kai tsaye, ka nemi manaja, ka ce kwana huɗu za ka yi, me zai rage maka? Sau da yawa zai rage, ko ya haɗa maka da karin kumallo. Wajen karanta ra'ayin waɗanda suka taɓa sauka, ka tsallake masu yabo, ka nemi masu ƙorafi na watannin nan. In mutum uku da ba su san juna ba sun ambaci rashin ruwa, to babu ruwa. Hoto kuwa ranar buɗe otal aka ɗauke shi. In kana gari, ka ce a nuna maka ɗakin kafin ka biya, ka buɗe famfo, ka ɗaga zanin gado. Gani ya kori ji. Mai tafiya da iyali ya ƙara da tambayar ko akwai mashaya ko gidan rawa a ƙasa, don wasu wuraren sai dare ya raba suke nuna halinsu.

Gidajen haya na 'yan kwanaki sun yi yawa yanzu, kuma ga mutum biyar ko shida masu son dafa abincinsu sun fi ɗakuna uku a otal sauƙi. Sai dai nan ne 'yan damfara suka fi yawa, da hotunan gidan da ba nasu ba. Kada a tura kuɗi sai wani naka ya taka ya gani, a kuma yi magana a kan kuɗin ajiya da ake riƙewa don ɓarna, yaushe ake mayarwa. A Disamba kuwa, lokacin da 'yan ƙasashen waje ke cika gari, Lekki da Victoria Island ba wurin mai neman sauƙi ba ne ko kaɗan.

A Makka ma ƙa'idar wuri ita ce sarauniya. Ejan zai ce maka masauki "kusa da Harami". Ka karɓi sunan otal ɗin, ka duba a taswirar waya, ka ga tafiyar minti nawa ce a ƙafa, kuma akwai hawa ko babu. Mita ɗari bakwai a kan tudu, sau biyar a rana, ga dattijuwa mai ciwon gwiwa, ba kusa ba ne. Masaukan unguwar Aziziyya sun fi araha nesa ba kusa ba, amma rayuwarka tana hannun motar da ke jigila. Matashi zai iya. Tsohuwa kuwa za ta ƙare da yin salla a ɗaki, alhali ba don haka aka biya kuɗin ba.

Baba dai mun zauna a kan benci muka duba tare. Na nuna masa cewa jirgin ranar Salla da rana ya fi sauƙi sosai, tunda kowa ya riga ya isa gida. Ya dube ni kamar na zage shi.

"In bar Idi a garinmu, in bar ragona wani ya yanka mini? Yanka mini na jibi."

Na yanka masa na jibin da tsadarsa. Kafin ya mayar da waya aljihu na ce, "Baba, na dawowa fa?"

Ya yi shiru, ya ƙirga da yatsu, ya ce kasuwa ba ta komawa daidai sai bayan mako guda. Muka duba Larabar da ke biye, kashin farko bai ƙare ba. Ya sa na karanta masa kuɗin sau biyu, sannan ya ciro katinsa daga aljihun 'yar ciki.